Yadda muka saka sola a gidanmu, daga lissafi har hawa kwano

Firizar uwargidana ce ta kai ni ga sayen sola. Shekara shida ke nan tana yin zoɓo da kunun aya da lamurje, yara suna kai wa masu shaguna a bakin titi, kuma da ribar wannan sana'a take toshe ɓaraka da yawa a gidan nan ba tare da na ma sani ba. A ƙarshen watan Oktoba 2024, bayan an lalata turakun babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta jihar Binuwai shi ma ya samu matsala, sai Arewa ta shafe fiye da mako guda a cikin duhu. Kunun aya kuwa ba ya jira. In ya yini babu sanyi, ya lalace. A rana ta uku na dawo daga Kantin Kwari na same ta a tsakar gida tana buɗe robobi ɗaya bayan ɗaya tana juyewa a makwarara. Ba ta yi mini ƙorafi ba. Da ma ta yi, da abin ya fi zo mini da sauƙi.

Muna da janareta, amma tun kafin wannan duhun ya riga ya fi ƙarfin aljihuna. Daga ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur da muke saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa, har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Injinmu in aka ɗora masa firiza da fankoki yana shan kusan lita guda a awa. Awa biyar kullum dare, naira 5,000 ke nan, a wata 150,000, ban da baƙin mai da kuɗin mai gyara. Ga Hajiya, mahaifiyata, da ke zaune tare da mu, hayaƙin yana tayar mata da tari. A daren nan na ce da uwargida, in Allah Ya yarda ba za mu shiga azumi a haka ba.

Da na shiga tambaya, abin da na fara lura da shi shi ne kowa da kVA yake magana. "Ni 3.5 na saka." "Ai wane 5 gare shi." A wani shago ma cewa aka yi in kawo kuɗi kaza a haɗa mini 5kVA kammalalle, ba a ko tambaye ni ɗaki nawa ne a gidana ba. Saura kaɗan in biya, don farashin ya yi mini. Abin da ya tsayar da ni shi ne ziyarar da na kai wa mijin ƙanwata. Ya riga ni sakawa da wata takwas, kuma irin wannan kammalallen aka yi masa: ƙatuwar inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida), batura huɗu na ruwa, da ƙananan fanel huɗu masu wat 300. A watannin farko sai yabo. Lokacin da na je kuwa, ƙarfe ɗaya na dare wutar take ɗaukewa. Daga baya na gane dalili. Fanel ɗin sun yi kaɗan, abin da suke kawowa da rana gidan yake cinyewa, baturan ba su taɓa cika sun tumbatsa ba, shi kuwa batirin ruwa in ya daɗe yana kwana da yunwa mutuwa yake yi, kuma ba ya farfaɗowa. Da zai raka ni ya ce, "Yaya, kada ka sayi ko waya ɗaya sai ka samu wanda zai taka ya zo gidanka tukuna."

Ta hanyar masallacin unguwarmu na same shi. Sola da aka saka a can ta shekara uku, fankoki da lasifika ba su taɓa ba mu kunya ba, sai na tambayi ma'ajin kwamiti wanda ya yi musu aikin. Ina ganin wannan ita ce dabara mafi amfani da na yi a duk tafiyar. Aikin da aka gama jiya kowanne kyau gare shi. Wanda ya ga bazara biyu ko uku yana nan daram, shi ne shaidar mai shi.

Matashi ne, kowa Injiniya yake ce masa. Ya zo ranar Lahadi da littafi da biro, ya nemi izini, muka bi ɗaki ɗaki. Duk abin da ke cin wuta sai ya juya bayansa ya karanta 'yar takardar da ke liƙe, ya rubuta, sannan ya tambayi awa nawa yake yi a kunne, da rana ko da dare. Wannan tambaya ta rana ko dare ita ya fi nacewa a kai. Da na gaji na ce masa, "Injiniya, ni dai gaya mini kVA nawa zai ishe ni." Sai ya ajiye biro ya ce, "Alhaji, fanel shi ne gona, batir shi ne rumbu, inbata kuwa ƙofar rumbun ce kawai. Faɗin ƙofa yana nuna buhu nawa za a iya fitarwa a lokaci guda, ba ya nuna abin da ke ciki. Kuma kVA ɗin nan da ake ta faɗa, faɗin ƙofa ne."

Sai ya yi mini lissafin da yunit, irin wanda muka saba saya a mita. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Ni da duk zatona firiza ce dodon gidan, ashe fankoki ne. Fankar silin ɗaya tana cin wajen wat 75. Muna da huɗu da ke kwana a kunne lokacin zafi, wat 300 ke nan, in suka yi awa goma sun cinye yunit uku. Ƙwayayen fitila goma sha biyu masu wat 10, awa biyar, yunit 0.6. Talabijin da dikoda, 0.4. Firiza tana tashi tana hutawa, daga magariba zuwa hantsi za ta ci kusan yunit ɗaya. Cajin wayoyi ɗan kaɗan ne. Sai wani abu da ba wanda ya taɓa gaya mini: ita kanta inbata tana cin nata rabon, ko da babu abin da ke kunne a gidan, wajen wat 50, wato sama da rabin yunit a dare guda. Da ya tara duka, dare ɗaya na bazara a gidana yana neman yunit biyar da rabi.

Batirin da nake da ƙarfin saye kuwa, na litiyam mai bolt 51.2 da amfiya 100, yunit 5.12 yake ɗauka, kuma ba a so a kwashe shi tas, ana barin kashi 20 cikin ɗari a ciki. Abin da zan iya ci yunit huɗu ne da 'yan kai. Ke nan ko dai in ƙara batir na biyu, wanda babu kuɗinsa, ko in rage cin dare. Nan uwargida ta sa baki daga bayan labule, ta ce firiza in ta yini tana aiki aka kashe ta da magariba aka bar ta a rufe ba a buɗe ba, ƙanƙarar tana kaiwa safiya, ta sha gwadawa. Shi kuma ya ba da shawarar a cire fankoki biyu a sa sababbin nan masu cin wat 35. Aka sake tarawa, sai ga shi ya sauko yunit 3.9. Da kyar ya shiga, amma ya shiga. Takardar nan tana nan a aljihun tebur har yau, kuma duk abin da ya faru daga baya bai saɓa mata ba.

Maganar wane irin batir ta ɗauke mu kwana biyu. Na ruwa, wanda ake kira tubula, mutane sun san shi, kowane mai gyara ya iya shi. Guda huɗu masu amfiya 220 in aka jera su suna ɗaukar fiye da yunit goma a rubuce, sai dai rabi kawai ake ci in ana so su yi ƙarko, don haka a aikace ba su yi wa na litiyam ɗin nisa ba, kuma a lokacin farashinsu ya kusa zuwa ɗaya. Amma suna buƙatar a riƙa duba ruwansu ana ƙarawa, suna fitar da tiriri mai wari lokacin caji, zafin Kano kuma yana rage musu kwana. Na litiyam babu ruwansa da ƙarin ruwa, yana cika da wuri, yana da 'yar ƙwaƙwalwa a ciki da ke katse shi in zai cutu, yana kuma nuna maka kashi nawa ya rage kamar wayar hannu. Tsoron da nake ji shi ne na gobara, don mun sha jin labarin baturan da suka kama da wuta. Injiniya ya nuna mini rubutun LiFePO4 a jikin kwalin ya ce wannan nau'in ya fi sauran jure zafi nesa ba kusa ba, kuma gobarar sola da ya taɓa gani duk daga sakwarkwaceccen haɗi ko siririyar waya ta tashi. Na zaɓi litiyam.

Inbata mai 5kVA ɗin dai ita muka tsaya a kai, amma yanzu da dalili. Muna da sumo mai ƙarfin doki ɗaya a rijiyar burtsatse, wajen wat 750, kuma a daƙiƙar da zai tashi yana fizgar ninkin haka sau biyu ko uku. Ga dutsen guga mai cin sama da wat 1,000. Ƙofar tana bukatar faɗi saboda waɗannan biyun. Fanel kuwa guda shida masu wat 550, jimilla 3,300.

Kuɗi ya ɗan haura naira miliyan uku, kuma batir kaɗai ya ci kusan rabi. Na roƙi 'yan adashinmu na layi a kasuwa suka musanya mini kwasa, na karɓa da wuri. Bai isa ba. Ina cikin tunanin rage fanel zuwa huɗu, uwargida ta kawo 'yan kunne da zoben gwal ɗinta a ƙulle cikin hankici ta ajiye a gabana. Na ce ba zan karɓa ba. Ta ce, "Maigida, ba kyauta na ba ka ba. Jari na zuba, kuma rance ne." A kan haka muka rubuta, na sa hannu. Kuma sai da muka yi sauri, don kayan nan kusan duk daga Sin ake shigo da su ta Legas, farashinsu da dala yake tafiya. Tun da aka saki naira a watan Yuni 2023, mai shago in ya faɗa maka kuɗi sai ya ƙara da cewa na yau ne.

Mun yi yarjejeniya da Injiniya cewa ni zan biya kaya da hannuna, shi zai zaɓa, kuɗin aikinsa daban. Na san akwai la'ada tsakanin masu haɗawa da masu shaguna, ban kuma ɗauke ta laifi ba, amma na fi so in san abin da na saya. Muka shiga Sabon Gari da hantsi ranar wata Talata, yana rataye da jaka mai ɗauke da mitar gwaji da tef na awo.

A shagon farko an nuna mana fanel mai rahusa sosai, an rubuta 550 a bayansa. Injiniya bai ce komai ba, ya zaro tef ya auna. Tsawonsa bai kai mita biyu ba. Na gaskiya mai wannan ƙarfin tsawonsa ya haura mita biyu da kwata, faɗinsa mita ɗaya da 'yan kai, nauyinsa ya doshi kilo 28. Takardar baya kowa zai iya bugawa ya liƙa, amma faɗin gilashi ba ya ƙarya. Muka yi godiya muka fita. A inda muka saya, sai da ya sa aka fito da duk guda shidan waje, aka jingina su suna kallon rana, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce kada in ruɗu da bolt, don ko tsohon fanel na gwanjo zai nuna bolt mai kyau. Amfiya ce ke tona asiri. Kowanne ya ba da sama da 12 duk da ɗan hazon da ake yi. Sannan ya nuna mini lambar da ke can ƙarƙashin gilashi, wadda ba a iya ɓarewa, ya tabbatar ta yi daidai da ta jikin ƙarfen. Yaran shagon sun ƙosa da mu, rana ta take, amma bai fasa ba.

Batir kuwa ɗaga shi aka yi. Mai yunit biyar na gaske nauyinsa ya kusa buhun siminti, in mutum ɗaya ya sure shi da hannu guda to akwai magana. Aka kunna fuskarsa muka duba sau nawa aka taɓa caja shi, muka ga sabo ne. Na sa aka rubuta lambar batir da ta inbata a jikin rasit, tare da shekarun garanti, aka buga hatimi. Wajen waya ma sai da ya karɓi reza ya kankare bakinta. Akwai wadda samanta ja ne kamar jan ƙarfe, cikinta fari fat, alminiyam ne aka yi wa rini. Irin wannan tana ɗaukar zafi, tana kuma shanye wutar a hanya. Muka sayi ta jan ƙarfe zalla, mai milimita 6 daga kwano zuwa inbata, da mai kauri sosai tsakanin batir da inbata, da birekoki na ɓangaren fanel da na batir, da abin kariya daga tsawa, da sandar da ake kafawa a ƙasa. Waɗannan ƙananan kaya sun ci kuɗin da ya kai na fanel biyu, kuma su ne masu kammalalle suke tsallakewa don farashi ya yi daɗin ji.

Ƙarafan da za a ɗora fanel a kai daga Ƙofar Ruwa muka sayo, mai walda ya haɗa, aka yi musu fenti. Injiniya ya hau kwano ya ce kudu za su kalla. In ka fuskanci gabas, hannunka na dama ke nan. Kano tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka ba a tayar da su tsaye sosai, ɗan karkace kaɗan ya isa, yadda ruwan sama zai gangare da datti. Ya bar tazara tsakaninsu da kwano don iska ta riƙa ratsawa, ya kuma ƙi yarda a ɗaure su a jikin kwanon kawai, sai da aka nemo katakon rufi aka ɗaure da noti. Duk wanda ya ga yadda iskar farkon damina take yaye rufi a garin nan ba zai yi gardama ba.

Sai ga matsalar da ba mu yi zato ba. Darbejiyar maƙwabcina ta kudu tana da wani reshe da inuwarsa ke faɗowa kan fanel biyu daga ƙarfe biyu na rana. A watan Disamba muke, lokacin da rana take karkata kudu sosai, inuwa ta fi tsawo. Da a bazara muka yi aikin da ba mu gani ba sai bayan wata shida. Kuma da yake fanel ɗin a jere aka haɗa su, bakin wannan a wutsiyar wancan, inuwa a kan ɗaya tana ja wa sauran baya. Maƙwabcin nan dattijo ne, a ƙarƙashin bishiyar yake shimfiɗa tabarma da yamma, kuma shi ya dasa ta da hannunsa. Na kwana biyu ina juya yadda zan tunkare shi. Bayan sallar la'asar na same shi na durƙusa na ce, "Baba, wata alfarma na zo nema, in babu hali kuma wallahi babu komai." Ya saurare ni har na gama, ya ɗaga kai ya dubi reshen, ya ce, "Wancan na sama ne? Ai ba shi nake sha ba. A sare, amma a kawo wa tsohuwa itacen." Da aka gama aiki na sa aka ja masa waya ɗaya zuwa zaurensa, ƙwai guda da wurin cajin waya. Wat goma sha biyar ba za ta karya lissafina ba.

Haɗawar kanta yini biyu ta ɗauka. Inbata da batir a lungun da ke tsakanin falo da sito aka kafa su, inda rana ba ta shiga kuma iska tana wucewa, nesa da kicin, nesa da ɗakin kwana, don fankar inbata tana da ƙara in aiki ya yi mata yawa. Aikin da ya fi cin lokaci shi ne raba layin gidan biyu. Fitilu da fankoki da firiza da wasu soket suka koma kan sola, sauran aka bar su a kan wutar gwamnati. Aka haƙa rami aka kafa sandar ƙasa, aka zuba gawayi da gishiri. Aka saita inbata ta fara cin rana, sannan batir, sai in ya sauka kashi 20 ta nemi wutar layi in akwai. Da la'asar ta rana ta biyu ya ce in ɗaga bireka da hannuna. Na yi bismilla na ɗaga. Firiza ta yi ɗan gurnaninta ta tashi, babu hayaƙi, babu ƙara. Hajiya ta fito ta daɗe tana sa wa yaron nan albarka.

Kafin ya tafi ya ja kunnena cewa kada sanyin Disamba ya ruɗe ni. Gaskiya ne, da yake ba a kunna fanka, sai mu wayi gari batir yana kashi 70. Amma a mako na farko, ƙarfe biyar na asuba, na ji inbata tana kuka. Na fito na ga batir yana zuba kamar an huda tulu. Ɗaya daga cikin yaran ne ya jona hita a bokiti zai yi wankan makaranta, a soket ɗin falo. Hitar nan tana cin kusan abin da fankoki ashirin za su ci. Ba laifinsa ba ne, ba a yi musu bayani ba. A ranar na tara gidan gaba ɗaya a gaban inbata, na nuna musu lambobin da ke fuskarta: wannan abin da rana ke kawowa ne, wannan abin da muke ci, wannan abin da ya rage. Muka tsayar da doka. Guga, da tayar da sumo, da duk wani abu mai zafi, daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku na rana. Hita kuwa ta koma sito, ruwan wanka a kan gawayi.

Wannan doka ba ta takura kowa ba, saboda wani abu da sai da na zauna da sola na gane shi. Wajen ƙarfe goma sha biyu ko ɗaya batir ya cika. Daga nan duk abin da fanel za su iya kawowa, in ba a ci ba, ba ya zuwa ko'ina, inbata ce take rage karɓa. Wato akwai awa uku ko huɗu a kowace rana da wuta take nan a yalwace babu mai ɗiba. Uwargida ta fi ni saurin gane wannan. Ta mayar da niƙan aya da injin markaɗenta zuwa tsakar rana, ta riƙa cika firiza da sassafe don ta samu yinin gaba ɗaya.

Ƙura ita ce abokiyar gabar da ba ta hutu. Wat 3,300 da aka rubuta ban taɓa ganinsa ba, kuma an gaya mini ba zan gani ba, don a ɗakin gwaji mai sanyin digiri 25 ake auna shi. Mafi yawan abin da nake gani da tsakar rana 2,400 ne zuwa 2,600. Amma a watan Janairu, da muka yi mako biyu ba a wanke ba, sai na ga ya tsaya a 1,600. Na hau tsani na leƙa, gilashin ya koma ruwan ƙasa, har ana iya rubutu a kai da yatsa. Tun daga nan kowace Juma'a da Litinin ake wankewa a lokacin hunturu, da sassafe kafin gilashi ya ɗau zafi, da ruwa zalla da tsumma mai laushi, ba a taka su. A nan ne na ga kuskuren da muka yi. Mun jera su manne da juna ba mu bar hanyar da mutum zai bi ba, sai da doguwar sanda ake kai wa na tsakiya. Daga baya na sa mai famfo ya ja ɗan bututu daga tanki zuwa gefen kwano, aikin ya yi sauƙi.

Azumi ya kama ranar 1 ga Maris 2025, kuma alƙawarin da na yi ya cika. Firizar nan ba ta huta ba. Ban da na sayarwa, kullum da hantsi sai yaran maƙwabta sun yi sallama da robobin ruwa a sa musu, su dawo ɗauka dab da magariba. Jarrabawar gaske kuwa a Afrilu da Mayu ta zo, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Mutane suna zaton ranar da ta fi ƙuna ita ta fi ba da wuta. Ba haka ba ne, haske fanel yake so, zafi rage masa ƙarfi yake yi, kuma na gani da idona a fuskar inbata. Da dare fankoki huɗu suna juyawa har asuba, in na fito alwala na tarar da batir tsakanin kashi 22 da 26. Daren da muka yi baƙi aka ƙara fanka ɗaya a falo, ƙarfe huɗu da rabi wuta ta ɗauke, daidai yadda takardar Injiniya ta nuna.

Iskar watan Yuni ta zo ta wuce, washegari na sa aka hau aka bi notuna, babu wanda ya motsa. A watan Agusta aka yi kwana uku a jere hadari bai yaye ba, abin da ke shigowa bai kai rabin na kullum ba, wutar layi kuma ba ta zo ba. Na fito da janareta don in caja batir, sai inbata ta ƙi karɓar wutarsa, tana kamawa tana saki. Na kira Injiniya, ya ce wutar ƙaramin inji ba ta tsayawa daram, sai an sassauta wa inbata sharaɗin karɓa an kuma rage yawan cajin da take ja. A waya ya bi da ni, danna nan, koma can, har ta kama. Shi ya sa ban sayar da injin ba kamar yadda na yi niyya da farko. Yana sito, ina tayar da shi sau ɗaya a wata don kada ya ƙi tashi ranar da ake nemansa.

Kuɗin fetur da na daina kashewa nake tarawa kowane ƙarshen wata ina biyan uwargida. Zoben ya dawo hannunta, saura 'yan kunne. In na gama da su, batir na biyu ne a gaba, don ita tana maganar ƙara firiza, Hajiya kuma ɗakinta yana bukatar abin da ya fi fanka kafin bazara mai zuwa. Injiniya ya ce lallai ya zama irin na farkon, kamfani ɗaya, girma ɗaya, kuma kada a bari tazarar shekarunsu ta yi yawa. Na ɗauki hoton lambar da ke jikinsa na aika wa mai shagon, ya ce akwai, in dai ban wuce ƙarshen shekara ba.